Jif mai dizal da tirelar tafi-da-gidanka mai ƙafa 33: za ta iya ko ba za ta iya ba?

Tambaya: "Assalamu alaikum Yaya. Ni mazaunin Ohayo ne a nan Amurka. Bara na sayi Chevrolet Tahoe ta 2022 mai injin dizal, mai ja da ƙafa huɗu. Yanzu maiɗakina da yara sun matsa mu sayi tirelar nan ta tafi-da-gidanka mu riƙa fita zango lokacin hutu. Mun ga wata mai tsawon ƙafa 33, nauyinta laba 6,800 ba kaya a ciki, dilan ya ce motata tana jan 8,000 don haka ba wata matsala. Mu bakwai ne, ni da ita da yara huɗu da Hajiyata da za ta zo mana dogon hutu, kuma gandun dajin shaƙatawa na Yellowstone muke son zuwa. Motar za ta iya? In za ta iya me zan saya in haɗa da ita?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya kawo Hajiya lafiya, ya sa a yi hutun cikin daɗin rai.

In na fahimce ka, kana tambaya ne ko 6,800 ya shiga cikin 8,000, kuma a lissafin makaranta ai ya shiga har da canji. Amma ni abin da zan amsa maka shi ne ko motar nan za ta ɗauki wuyan wannan tirela tare da mutum bakwai a cikinta, ta kuma riƙe ta a kan hanya ran da iska ta taso, ta tsayar da ita a gangara. Amsata a taƙaice, da wannan tirelar da wannan iyalin, a'a, kar ka saya. Injin ba shi da laifi ko kaɗan, zai ja ta. Bayan motar ne ba zai ɗauka ba. Bari in warware maka a hankali don kar ka ɗauka tsoratarwa ce kawai.

Ni tun ina saurayi a gida na yi yaron mota a hanyar Kano zuwa Ikko, a nan kuma babbar mota nake ja, ita ce sana'ata, sannan ni ma ina da irin wannan tirela da muke fita da ita da iyali duk shekara, da Suburban, yayar Tahoe da ta fi ta tsawo, mai irin injinka nake janta. Toh a gida mun taso da ganin lodi ana ɗaure shi har ya fi motar tsawo, magana ɗaya ce kullum, "indai injin ya ja ai shi ke nan". Wannan tunanin yana bin mu har nan, kuma shi dila ya san haka, shi ya sa lambar ja kawai ya nuna maka.

Me 8,000 ɗin nan take nufi

Laba dai ita ce ma'aunin nauyinsu, laba 2.2 ita ce kilo ɗaya, in kana son mayarwa a ranka. Lambar ja da kamfanonin mota suke bugawa tana fitowa ne daga wani gwaji da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta tsara, suna kiran shi J2807. Gwajin ba na wasa ba ne, a ciki har da hawan tudun Davis Dam a Arizona, mil 11.4 ana hawa, cikin zafin da bai gaza digiri 100 na ma'auninsu ba, iyakwandishan a kunne har ƙarshe. Amma ka lura da wannan, a lissafin gwajin mutum biyu kacal ake ɗauka suna cikin motar, kowanne laba 150. Ba Hajiya, ba yara huɗu, ba kula cike da ƙanƙara. Duk abin da ka ƙara a cikin mota bayan waɗannan mutum biyun, daga cikin 8,000 ɗin ake cire shi, domin akwai iyakar nauyin mota da tirela a haɗe wadda ba ta canzawa.

Ita ma 6,800 ɗin ba ita za ka ja ba. Wannan nauyin tirela ne yadda ta fito daga masana'anta, wayam. Sai an sa batir, an cika tukwanen gas biyu, an zuba ruwa, kuma galan ɗaya na ruwa laba 8.3 ne, tanki mai galan 45 kaɗai ya kusa laba 375. Sannan kayanmu. Kai ma ka san gidan Bahaushe ba ya tafiyar sati biyu da burodi da cuku, buhun shinkafa zai shiga, jarkar man gyaɗa, garin tuwo, manyan tukwane, naman da aka daskarar saboda ba ko'ina ake samun na halal ba, dardumai, bargon kowa, kekunan yara, kujeru, janareta. Duk iyalin da na taɓa rakawa sikeli, ban ga wanda kayansa suka gaza laba 1,000 ba. Kaga tirelarka ta koma wajen 7,900 kafin ka bar ƙofar gida.

Farar takarda mai rawaya a jikin ƙofa

Yanzu ga inda maganar take. Ka fita ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai wata sitika mai fari da rawaya, wadda take nuna iskar taya. A samanta an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar takamaimai za ta ɗauka, ba Tahoe gaba ɗaya ba, taka ɗin nan da kujerunta da rufin gilashinta da duk abin da aka ƙawata ta da shi. Waɗanda na duba masu dizal masu ƙafa huɗu, tsakanin laba 1,400 ne zuwa 1,700, mafi tsada ma su suka fi ƙarancin lamba saboda kayan ƙawa nauyi ne. Tunda ban ga taka ba bari mu ɗauki 1,550.

Tirela irin wannan ba a kan tayoyinta kaɗai take tsaye ba. Wani kaso na nauyinta yana danne ne a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan motarka, su a nan harshe suke ce masa, ni wuya nake cewa. Dole nauyin wuyan ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela, in ya gaza haka tirelar za ta riƙa kaɗa wutsiya. Yawancin tirelolin zango wajen kashi 12 ko 13 suke zama. Kashi 13 na 7,900 ya haura laba 1,000 kaɗan. Mahaɗin da za ka ɗaura tsakanin mota da tirela, mai sandunan ƙarfe, shi kansa yana kai laba 100. Sun zama 1,100, kuma duk a cikin 1,550 ɗin nan za su fita. Saura 450.

Toh yanzu a shigo. Kai a ce 190, maiɗakinka 160, Hajiya 150, yara huɗu a haɗe a ce 300, kiyasi nake yi kawai. Laba 800 ke nan. Kana da gurbin 450 ka zuba 800, ka yi obalodi da 350 tun ba a sa jakar hannu ko kwalbar ruwa ɗaya ba. Kuma yara girma suke yi, lissafin bana ba shi ne na baɗi ba. In ka koma ɗaya ɓangaren ma, mutanenka sun fi na gwaji da laba 500, 8,000 ta zama 7,500, tirelarka kuma 7,900. Ta ko'ina ka biyo ka wuce gona da iri.

Wani zai ce maka ai sai a sa balan-balan na iska a safirin baya, motar ta miƙe. Eh za ta miƙe a ido. Amma lambar da ke jikin ƙofa ba ta ƙaru da laba ɗaya ba, tayoyin baya su ne dai, birkin shi ne dai, ƙarfen da ke riƙe da su shi ne dai. Ɓoye ciwo ne kawai.

Tsawo da iska

Ko da nauyi ya yi daidai, akwai maganar tsawo, kuma wannan ce ta taɓa kusa hallaka ni da iyalina, shi ya sa ba na iya yin shiru a kanta.

Tsakanin tayar gaba da ta baya a Tahoe inci 120.9 ne, Suburban kuma 134.1. Masu jan tirela suna da wani tsohon lissafi na baka, ba doka ba ce, ba kuma kamfani ne ya fitar ba, cewa inci 110 na ja ƙafa 20, kowane ƙarin inci 4 ya ba ka ƙarin ƙafa ɗaya. A wannan lissafi Tahoe tana tsayawa wajen ƙafa 23, Suburban 26. Mutane suna wuce shi da ƙafa biyu uku da mahaɗi mai kyau su zauna lafiya, na yarda. Amma 33 ba wucewa ba ce, wata duniya ce daban. Ka tsaya a gefen tirelar ka kalli jikinta, katanga ce doguwa mai tsayin da ya kai ƙafa goma ko fi, iska duk a nan take bugawa, ita kuma gajeriyar mota a gaba ita ake so ta riƙe wannan katanga.

Shekarun baya, kafin in sayi Suburban, ina da wata gajeriyar jif mai dizal, wani dila ya sayar min da tirela mai ƙafa 28 da irin kalmomin da aka faɗa maka. Muna kan babbar hanya ta 80 a Wayomin, bayan la'asar, iska tana ta hurowa daga gefe amma ina ganin ina riƙe da ita. Sai wata babbar mota ta zo wuce ni. Na ji kamar an tura bayan motata dama, kafin in ankara an fizgo ta hagu. Na kalli madubi sai na ga gefen tirelata gaba ɗaya, har rubutun jikinta ina iya karantawa, abin da bai kamata ka taɓa gani a madubinka ba. Ta koma ɗaya gefen, ta dawo, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Maiɗakina ta kama salati da ƙarfi, ƙaramar yarinyarmu da ke barci ta farka da kuka. Abin da Allah ya taimake ni da shi, hannuna ya tafi kan ɗan maɓallin birkin tirela na matse shi, na ɗaga ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari cak. Tirelar ta ja baya ta miƙe kamar an ja igiya. Na gangara gefe na kashe mota, na fi minti goma ƙafata tana rawa ban iya fita ba. Da na buɗe tirelar, firij ya buɗe, ƙwai da miya duk a ƙasa. A watan nan na sayar da ita da asara, kuma har yau ina gode wa Allah da asarar kuɗi ce kawai.

Ka riƙe wannan ko wace tirela ka saya daga baya. In ta fara kaɗa wutsiya kar ka taka birkin mota, kar ka yi ta murɗa sitiyari kana binta, kar kuma ka yarda da masu cewa a ƙara wuta. Ka sauke ƙafa, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka matse birkin tirela da hannu. Kuma ka koya wa hannunka inda maɓallin yake tun a filin fakin, don ran da za ka buƙace shi ba lokacin lalube.

Inda dizal ɗin yake da daɗi

Kar ka ji duk wannan ka ga kamar ka yi kuskuren sayen mota. Injin nan mai lita 3.0 da suke kira Duramax, silinda shida a jere, a shekarar motarka ƙarfin doki 277 gare shi, ƙarfin murɗawa kuma 460, kuma yana bayar da shi tun injin yana ƙasa ƙasa bai yi ihu ba. Da giya goma a bayansa. Wallahi jan tirela da shi akwai kwanciyar hankali, kana hawa tudu kuna hira ba sai an ɗaga murya ba. Ga turbo, wanda a kan duwatsu yake nuna amfaninsa, domin injin fetur mara turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 da ka hau saboda iska ta yi siriri, shi kuwa mai turbo asararsa kaɗan ce. In ka danna yanayin ja na motar, giya tana daɗewa kafin ta canza, a gangara kuma injin yana taya ka riƙe mota ta hanyar toshe hayaƙi, amma ka sani ƙaramin inji ne, riƙonsa ba kamar na manyan motocinmu ba ne, kar ka sakar masa komai.

Sai dai wannan daɗin shi ne tarkon. Mai injin fetur in ya yi obalodi injin yana kuka, yana jin abin a kunnensa. Kai naka ba zai yi ƙorafi ba, zai ja ka a mil 70 lafiya lau, ba za ka san akwai matsala ba sai ran birki ko ran iska.

Shan mai zai canza sosai. Motar da ke ba ka mil ashirin da wani abu a galan, da tirela a baya ni 11 zuwa 13 nake gani, in iska tana gaba ma ya gaza haka. Tankin Tahoe galan 24 ne, wato duk mil 200 ka fara neman gidan mai, kar ka bari ya sauka ƙasa da kwata a yammacin ƙasar nan inda gari da gari akwai nisa. Ruwan DEF ma, wanda ake zubawa don tace hayaƙi, yana saurin ƙarewa in ana ja, ka riƙa tafiya da jarka ɗaya a ajiye, don in ya ƙare kwamfutar motar za ta rage maka gudu da kanta. Kuma a gidan mai ka karanta rubutu, kar ka bi launin hannun famfo, yawanci kore dizal ne amma ba ko'ina ba.

Toh yanzu me za ka yi

Mu juya lissafin. In sitikarka ta ce 1,550, ka cire mutane 800, ka cire mahaɗi 100, saura 650 na wuya. Tirelar da wuyanta zai tsaya a 650 ita ce wadda cike da kaya ba ta wuce laba 5,000 zuwa 5,400 ba. Don haka in ka koma kasuwa ka daina kallon nauyin wayam, ka je gefen hagu na tirelar ta gaba akwai sitika, ka nemi lambar da aka rubuta GVWR, ita ce iyakar nauyinta da kaya, ka nemi wadda ba ta wuce 5,500 ba. Za ka samu masu ƙafa 21 zuwa 24 masu gado hawa biyu a baya na yara. Mutum bakwai za su matsu, ba zan ɓoye maka ba. Abin da muke yi, manyan yara maza tanti muke kafa musu a gefe kuma su sun fi son haka ma, Hajiya a ba ta babban gado kusa da banɗaki saboda alwalar asuba. Amma a Yellowstone ka lura, wajen zango na Fishing Bridge, wanda shi kaɗai ne a cikin gandun yake da wuta da ruwa da magudana, ba a yarda da tanti ba sam saboda dabbar beyar, sai abin kwana mai ƙaƙƙarfan bango.

Hanya ta biyu, mota biyu. Maiɗakinka ta ɗauki Hajiya da yara uku a ɗaya motar, kai da babban yaro ku ja tirela. Wannan yana warware maganar nauyi kusan duka, amma bai rage tsawon ƙafa 33 ba, kuma tafiyar da ta haura mil 1,500 a mota biyu ba ita ce tafiyar da iyali suke mafarki ba. Ko da mota biyu ni ba zan wuce ƙafa 26 da Tahoe ba.

In kuwa zuciyarku ta kafe a kan babbar tirelar, toh mota za a canza. Wannan aikin a-kori-kura ce babba, irin su Silverado 2500HD ko F-250 ko Ram 2500, sai dai su mutum shida ne iyakarsu, ku kuma bakwai ne. Masu manyan iyali da na sani a nan da yawa bas suke saye, Chevrolet Express 3500 mai kujeru, ba ta da kyan gani kamar Tahoe amma doguwa ce, tana ɗaukar nauyi sosai kuma tana ja. Wasu har yanzu suna farautar tsohuwar Ford Excursion da aka yi daga 2000 zuwa 2005 saboda wannan dalilin, amma motar da ta haura shekara ashirin sai mai bakanike a hannu.

Shawarar da na fi so ka ɗauka ita ce ka yi haya tukuna. Ka karɓi hayar ƙaramar tirela na kwana uku, ku je wani gandun jiha kusa da ku, awa biyu daga gida, ku ga yadda abin yake. A nan za ka koyi ribas ba tare da mutane sun yi layi a bayanka ba, a nan za ku gane ko Hajiya za ta iya hawa da saukar matakalar, a nan maiɗakinka za ta ga girman kicin ɗin da idonta. Yellowstone ba wajen koyo ba ne.

Kayan da ba a tafiya sai da su

Ka tambayi abin da za ka saya. Na farko mahaɗi mai rarraba nauyi wanda ke da abin hana kaɗa wutsiya a jikinsa. Aikin sandunansa shi ne su mayar da wani nauyin kan tayoyin gaba, domin in wuya ya danne baya gaban mota ɗagawa yake yi, sitiyari ya yi sako-sako, fitila ta haska sama. Ana saita shi da tef ɗin awo, ka auna daga ƙasa zuwa bakin bodin da ke saman tayar gaba kafin ka haɗa tirela, ka auna bayan ka haɗa, ka ɗaure sanduna ka sake aunawa, littafin motarka ya faɗi yadda ya kamata ta koma. Kar ka yarda da saitin da aka yi maka a wajen dila da tirela wayam, ka sake yi da kaya a ciki. Ka kuma leƙa ƙarƙashin bayan motar, shi ma ƙarfen da mahaɗin ke shiga yana da tasa sitikar da tasa iyakar.

Na biyu na'urar birkin tirela. Wasu Tahoe suna zuwa da ita a jikin dashbod, wasu babu, ka duba taka. Ka saita ta a hanyar da ba kowa, a gudun mil 20 zuwa 25, ka matse da hannu, ka riƙa ƙara lamba har ka ji tirela ta riƙe ka da kyau amma tayoyinta ba su ja ƙasa ba. Sarƙoƙi biyu a gitta su ƙarƙashin wuya, siririyar wayar birkin gaggawa a maƙala ta a jikin mota ita kaɗai, ba a jikin sarƙa ba. Madubin ja, wanda zai nuna maka har ƙarshen tirela. Sai taya, kuma a nan mutane suke sakaci. Tayoyin tirela da yawa mil 65 ne iyakar gudunsu, ka karanta jikin taka. Akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun jikin taya da ya fara da DOT, su ke nuna lokacin da aka yi ta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, in ta kai shekara biyar ni canzawa nake yi ko zanenta bai cinye ba, don tayar tirela rana da zama ke kashe ta ba tafiya ba. Iskar taya kuma a duba ta kullum da safe kafin a tashi.

Bayan duk wannan sai sikeli. A manyan gidajen man da muke tsayawa akwai sikelin auna manyan motoci na kamfanin CAT, kuɗinsa kaɗan ne kuma ba wanda zai hana ka hawa. Faranti uku ne, tayar gaba a na farko, ta baya a na biyu, tirela a na uku. Ka je da kowa da komai kamar ranar tafiya. Ka hau da sanduna a ɗaure, ka zagayo ka hau da su a kwance, ka ajiye tirela ka hau da mota kaɗai. Bambancin nauyin mota a awo na biyu da na uku shi ne nauyin wuyanka na gaskiya. Sai ka gwada da lambobin jikin ƙofa, musamman ta tayoyin baya, ita ce ke fara cika. Duk lissafin da na yi maka a sama kiyasi ne daga nesa, wannan takardar sikelin ita ce za ta faɗi gaskiyar motarka.

Wajen loda kaya, masu nauyi a ƙasa, a kan tayoyin tirela ko gaba da su kaɗan, kar ka tara su a can baya don ka rage wa wuya nauyi, wannan shi ne kiran kaɗa wutsiya da hannunka. Tankin ruwa ka bar kaɗan na hanya da alwala, ka cika in kun isa. Kuma ba wanda zai zauna cikin tirela tana tafiya, ko Hajiya ta ce bayanta ya gaji tana son miƙewa, a tsaya a huta. Yawancin jihohi sun hana, kuma ba bel ba komai a ciki.

In lokacin Yellowstone ya yi, ko baɗi ne, in kun biyo hanya ta 90 za ku tarar da duwatsun Bighorn a Wayomin. Kar ka bari taswirar waya ta kai ka 14A, gangararta tana kai kashi 10 cikin ɗari, ka bi ta 16 daga garin Buffalo, ita ma hawa ce har ƙafa 9,666 amma ta fi sauƙi. Ka sauke giya tun daga saman tudu kafin mota ta ɗauki gudu, in gudu ya ƙaru ka taka birki da ƙarfi ka rage ka saki, kar ka ɗora ƙafa a kai kana ja har ya yi zafi. Ni ba na wuce mil 62 zuwa 65 da tirela ko hanya ta yi kyau yaya, ba na kuma wuce mil 350 a rana da yara a mota. In allunan hanya suka fara gargaɗin iska, ka nemi waje ka tsaya, a Wayomin har rufe hanya suke yi wa dogayen motoci marasa nauyi, kuma taka tana cikinsu. Dokar gudu da ta birki kowace jiha da tata, Kalifoniya misali mil 55 ne ga duk mai ja, don haka ka duba na jihohin da za ku ratsa. Wajen kwana ma a kama da wuri, watanni kafin tafiya, kuma gajeriyar tirela ta fi samun gurbi nesa ba kusa ba.

Yanzu dai kafin ka koma wajen dilan nan, ka ɗauko lambar sitikar ƙofarka, da lambar iyakar nauyin tayoyin baya da ke ɗaya sitikar ta jikin ƙofa, ku hau sikelin banɗaki ɗaya bayan ɗaya ku haɗa jimla, ka turo min su in sake buga maka lissafin da lambobinka na gaskiya. In ka riga ka ba da kafin alƙalami, ka kira su gobe da safe ka tambayi sharaɗin mayarwa ko a juya maka shi kan ƙaramar tirela. A gaida Hajiya in ta sauka.